Dutsen da Ya Ƙare Kafin a Raɗa Masa Suna

Dakata da niƙan dutsen nan, Malama Zulai, jawo kujera. Na ga kin maimaita awon nan har ya ishe ki, ga shi kuma kina shirin ƙarawa. Ni dai na gaji da yi wa mutane faɗa a ɗakin binciken nan, murya ta tafi, gwiwa ta tafi. Misali kawai zan ba ki, in ya so ki yi yadda kika ga dama da ɗan abin da ya rage miki.

An yi wani masanin duwatsu da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin tsofaffin ramukan kuza da guduma a hannu, bai taɓa samun abin da wani bai riga shi gani ba. Sai da furfura ta kama shi sannan wata rana ya fasa wani dutse, ya tarar da ɗan kogo a ciki, da wasu 'yan ƙwayoyi kore-kore masu sheƙi manne a bangonsa. Ba wadda ta kai ƙwayar gero, kuma dukansu ba su rufe farce ba. Ya bincika littattafai kaf, bai ga irinsu ba. To kin san ƙa'ida, kafin masana su yarda an sami sabon ma'adini har a raɗa masa suna, sai an amsa tambaya biyu. Ta farko, waɗanne sinadarai ne a cikinsa, kuma nawa-nawa? Ta biyu, yaya aka jera su? Ai da laka ɗaya ake gina rumbu da katanga, bakin fensir da daimon ma sinadarinsu ɗaya, jeri ne ya raba su. A zamaninsa tambayar farko cin abin take yi, sai an niƙa ƙwaya an narkar da ita a ruwan asid. Ta biyu kuwa ƙwaya guda lafiyayya take so, a ɗora ta gaban irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya ratsa ta, a karanta jerin daga ɗige-ɗigen da ya bari. Na'urar yin haka tana wata ƙasa, ga layi har ba a magana, aka ce masa ya jira.

Zaman jira ya gundure shi, sai ya kama awon sinadarai. A wannan aiki, in ka haɗa kason kowane sinadari, so ake jimla ta tashi ɗari. Tasa ta ƙi cika, saura ɗan ƙiris. Wani zai rubuta cewa sauran ba a tantance ba tukuna, ya wuce abinsa. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai, don mutum ne da ya gwammace zazzaɓi da a yi masa gyara a taron masana. Ya ce ƙila datti ne ya shiga, ya niƙa wata. Ta ƙi. Ya ce ƙila ma'aunin ne, ya niƙa wata. Wani abokin aikinsa ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya ce, "Haba Malam, ko manomin da yunwa ta ci ƙarfinsa ai yana barin iri." Ya ce, "Na ware babbar, ba mai taɓa ta." Da gaske ya ware ta, ya naɗe a auduga cikin kwalin ashana. Amma da ƙananan suka ƙare, sai zuciya ta fara raya masa cewa babbar ce ta fi tsabta, ita kaɗai za ta ba da lissafi daidai, kuma gefenta kawai zai ɗan gutsura. Yana ɗora mata tsinin allura ta tarwatse. Ya ce tun da ta riga ta fashe, bari a ci moriyarta. Ya gasa garin, ya auna abin da ya fita, ashe ruwa ne ɗan ƙiris ɗin da ya ɓace masa. Ya narkar da sauran, jimla ta cika ɗari cif, ya yi murna kamar an yi masa haihuwa.

Da layi ya zo kansa aka ce ya aiko da ƙwayar, ba shi da komai sai ɗan ruwa a kwalba. Ya koma ramin, ya tarar ya zama kududdufi, masu noman rani sun kafa injin ban ruwa a bakinsa suna shayar da tumatir. Ya juya ya koma gida. Masu tantancewa suka yaba awonsa, suka ce da wuya a ga mai kyau irinsa, amma ba a raɗa suna ba tare da jeri ba, ba kuma tare da samfurin da za a ajiye don na baya su duba ba. Ya ci gaba da bin ramuka da sanda har ƙafa ta ƙi. Bayan ya ajiye aiki, wasu masana na wata ƙasa suka sami irin dutsen a can, suka haska ƙwaya guda, suka sa masa sunan ƙauyensu. Abin da ya fi ci masa rai, da ni ma da na ji labarin, shi ne hoton jerin da suka fitar. Ga ruwan nan zaune a gurabensa tsakanin sauran sinadarai, ana iya ƙirga shi. Da ya bar ƙwayar nan a cikin audugarta, da ita da kanta ta cika masa lissafin.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.