Matar da Ba Ta Rufe Ido

"Ku rufe ido," in ji malaminsu, Maestro Fidencio. "Ku ja numfashi, ku sake shi a hankali. Ku ji ƙasa a tafin ƙafarku."

Mata goma sha ɗaya suka rufe. Doña Herlinda ta bar nata a buɗe, kamar kullum.

Asabar ta takwas ke nan, kuma ta ƙarshe, don kaka ta yi nisa, sanyi ya fara cizo a kan tudu. Ganyen itacen encino ya zube ya lulluɓe ƙasa, in ka taka sai ya yi ƙaras-ƙaras. Duk Asabar Maestro yakan hau da su dajin wani tsohon gandu, a cire takalma, a zauna shiru, a saurari iska. Wai zaman yana wanke zuciya. Ya ce shi ma da ba ya iya barci, sai da ya koyi wannan zama.

Herlinda kuwa ba barci take nema ba. Shekara uku ke nan motar gandu ta ɗauki ɗanta Anselmo da sassafe zuwa ɗiban avocado, da guzurin tamal biyu, ƙullin masara, a leda, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. 'Yan sanda suka ce ƙila ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Arewa, suka rufe fayil. Tun ranar ba ta yi kuka ba. Tana girki, tana ci, ba ta jin gishiri. Abu ɗaya ya rage mata a duniya: ta san inda yake kwance.

"Comadre, ke mujiya ce?" ƙawarta doña Cuca ta raɗa mata. "Rufe mana, ba mai sace miki mayafi."

Herlinda ta ci gaba da kallon Maestro.

Bayan zaman sai tafiya, taku ɗaya numfashi ɗaya, Maestro a gaba. Mutum ne mai haƙuri, ga furfura, ga taushin murya, matan nan har rububin kawo masa zuma suke. A sati takwas babu inda bai kai su ba: bakin rafi, ƙarƙashin dutse, tsohuwar gonar masara. Da suka doshi fasasshen tankin ruwa ya karkata hagu, yadda ya saba.

"Ta nan, señoras. Can akwai macizai."

"A sanyin nan?" Cuca ta yi dariya. "Sai dai in sun sayi bargo!"

Herlinda tana bayansa daf. Ta ƙirga taku goma sha huɗu kafin ta sake jin numfashinsa.

Da rana ta ɗaga suka zauna shan kunun atole mai zafi, ana bankwana, wasu har da hawaye. Maestro ya zo ya riƙe hannunta biyu. Damuwarsa ta gaske ce, wallahi, a fuskarsa take.

"Doña Herlinda, ki yafe mini. Ke kaɗai na kasa taimaka wa."

"Ka taimake ni, Maestro. Ka koya mini lura."

Ta duba cikin ranta ko za ta ji wani abu, fushi ko tsoro. Babu komai. Ta sa takalminta, ta ɗaure igiya, ta gangara ita kaɗai.

A bakin titi ta ciro waya ta kira doña Otilia, shugabar uwayen da ke yawon tonon daji suna neman 'ya'yansu.

"Gobe ku zo da shebur, ku duka. Bayan fasasshen tanki."

"Herlinda, sau nawa muna tona wofi? Wa ya nuna miki?"

"Maestro. Ya taka ko'ina a dajin nan ba takalmi, ban da nan."

"To shi me ya sani, bawan Allah?"

"Ya sani. Bai gane ni ba ne kawai. Ni na miƙa masa kofi ta tagar mota ran da ya zo ɗaukar Anselmo."