Shanun Adoum Sun Yi Ƙiba

"Kada ka taɓa komai!" Adoum dillalin shanu ya riƙe hannun Saleh mai gyaran kwamfuta.

Da safe Adoum ya tayar da kwamfuta allonta a kashe. Da ya kunna allon, komai ya baje ta gefe. Sai da ya kira Saleh sannan ya lura ramammun shanunsa sun yi ƙiba a hoto.

"Malam, ba wuya. Ka fara kunna allon, sannan ka sake tayar da ita."

"Sai bayan la'asar. Alhaji Wada na tafe."

Alhaji Wada babban mahauci ne a Garwa. Shanun suna can garin Rey Bouba, da hoto za a yi ciniki. Da Alhaji ya iso, ya daɗe yana kallon allon yana gyaɗa kai.

"Sun ƙoshi. Ina so."

Adoum ya miƙa hannu. Alhaji bai karɓa ba. Ya nuna wani ƙato a hoton, tsaye kusa da bijimi.

"Da mai su zan yi ciniki, ba da siriri irinka ba. Kira min mai tumbin nan."

Adoum ya leƙa allon. Shi ne, har da hularsa.