Mai Gurmi da Alƙalin da Ya Ji Kunya

Kai da aka ɗora a kujerar alƙalanci bana, ajiye biron nan tukuna ka ji wannan.

A wani gari an shirya gasar sabunta kiɗan wani wasan bidiyo da ake bugawa a waya. A wasan, akuya ce ta tsinke igiya a kasuwa, mai wasa yana gudu da ita cikin lunguna, yana tsallakar da ita kwata bayan kwata. Kiɗan wasan ɗan gajere ne, kowa ya san shi. Aka ce duk mai so ya sake masa riga da abin kiɗan da ya iya, wanda ya ci nasa za a sa a cikin wasan. Tsarin gasar kuwa ba laifi: ka kawo aikinka, alƙali ya saurara ya rubuta maka gyara, a ba ka mako guda, sannan a yi karon ƙarshe a gaban jama'a.

Alƙalin mutum ne mai kunne, ya daɗe yana haɗa sauti a situdiyo. Wata mata da ta yi nata da fiyano da ganga, sai da ya cika mata shafi guda: a daƙiƙa ta ashirin ganga ta danne muryar kiɗan, a ta arba'in an yi gaggawa, amma mabuɗin ya yi kyau, kada ta taɓa shi. Ta karanta ta kumbura fuska, ta tafi ta gyara. Daga nan ya zo kan aikin wani tsoho mai gurmi, aminin mahaifinsa, wanda shi ya yi kiɗa ranar sunan alƙalin. Ya kunna. Gurmin ya ɗauki kiɗan akuyar nan ya mai da shi abin da ke tayar da tsigar jiki. Amma da aka kusa ƙarshe sai tsohon ya yi abin da ya saba yi a gidan biki shekara arba'in: ya sassauta, ya ja, ya kashe kiɗan da bugu ɗaya, ya yi shiru. Nan take alƙali ya gane aibin. Kiɗan wasa ba ya ƙarewa, kewayawa yake yi, wutsiyarsa na komawa bakinsa muddin mai wasa bai faɗi ba. Tsohon da bai taɓa riƙe wasan a hannunsa ba, ina zai sani? Layi ɗaya ya isa a gaya masa. Alƙali ya ɗauki biro, sai ya tuna furfurar nan, ya tuna yadda yake durƙusawa ya gaishe shi. Ya ce a ransa, shi wane ne da zai gyara wa Baba gurmi? Ya rubuta, "Madalla, babu gyara." Ya ɗauka ladabi ya yi. Ba ladabi ba ne, tsoro ne aka naɗa wa rawani.

Tsohon ya sa aka karanta masa takardar har sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Makon gyara ya wuce bai taɓa gurmin ba.

Ranar karon ƙarshe aka kafa babban allo a ɗakin taro, wani gwanin wasan ya zauna yana bugawa, ana sa kiɗan kowa bi da bi. Da aka sa gurmi ɗakin ya yi tsit, har masu hira a baya suka juyo. Minti guda ya cika, akuya na tsakiyar gudu, sai kiɗan ya sassauta, ya ja, ya mutu. Gwanin ya zaci an gama, ya saki hannu, akuya ta zunduma cikin kwata. Aka yi dariya. Aka sake, aka zo wurin, kiɗan ya sake mutuwa. A karo na uku jama'a jira suke yi, suna ƙirga masa da baki, da ya yi shiru sai su kwashe da shewa. Tsohon yana zaune a sahun gaba cikin farar rigarsa, bai motsa ba. Alƙali kuwa ya kafa ido a kan teburinsa. Matar nan mai shafi guda ita ta ci.

Da aka watse tsohon ya sami alƙalin a bakin ƙofa, ya zaro takardar ya buɗe.

"Ɗan nan, ka ji wurin nan tun ranar?"

"Na ji, Baba."

"To ni da na koya wa mutane talatin gurmi da bulala, ni ne ba zan iya jin gyara ba? Bare ka yi wa gata, ni ka bar ni na fito da riga a bai-bai."

Ya miƙa masa takardar ya wuce.

An ce daga baya alƙalin ya aika masa da ban haƙuri ta bakin wani. Wannan bai isa ba, kuma kada ka yarda wani ya ce maka ya isa. A gaban jama'a aka yi wa tsohon dariya, a gaban jama'a ya kamata alƙalin ya miƙe ya ce ya ji aibin ya ɓoye. Sannan a mayar wa tsohon da makonsa da aka cinye masa, a sake sa gurmin nan a ji shi yana kewayawa. Wanda ya ga kaya sun karkace a kan mutum ya yi shiru don kunya, da hannunsa a zubewarsu.

Yanzu ɗauki bironka. Hausawa sun riga sun faɗa: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.