Katangar da Ta Yini a Rana

Dab da magariba, a gidanmu na Ƙofar Atiku, na shimfiɗa wa Baba tabarma a gindin katangar da ta yini tana shan rana. Zazzaɓi yake yi, ni kuwa inuwa kawai na gani. Kafin a kira salla ya jiƙe sharkaf da gumi.

Bai yi faɗa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a katangar.

"Kin jiya, ɗiyata? Zafin da ƙasa ta amsa ga rana, sai ta maishe shi sama. Da riƙewa takai, da tuni mun toye."

Bana, a Runjin Sambo, bangon simintina har wayewar gari da ɗuminsa. Nakan dafa shi in ce, Baba, ta fa fara riƙewa.