Abin da Yudit Ta Riƙe a Hannun Hagu

Mako uku ke nan Clémence tana tsayuwa a ɗakin zanen tsoho Aubertin, takobin katako a hannun dama, kabeji a hannun hagu. Ita ce Yudit ta Littafi Mai Tsarki, matar nan da mijinta ya rasu, wadda ta sare kan shugaban mayaƙan abokan gaba. Kabejin shi ne kan. Masu zane a Paris ba sa ɗaukar namiji aiki saboda kai kawai, kowa ya san inda yake samo nasa kyauta.

Ba ta taɓa zagayawa ta leƙa zanen ba. Tsayuwa aka ce ta yi, ba kallo ba.

Abu ya canza ranar da sarƙar wuyanta ta tsinke, ɗan hoton mijinta Firmin ya faɗi ƙasa. Firmin matuƙin jirgin gawayi ne a kogi, wata biyu da tafiyarsa ko wasiƙa bai aiko ba. Aubertin ya tsinci hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata abinta.

Daga ranar, da ta motsa sai ya yi wuf ya rufe zanen da mayafi. Mutumin da ko ruwa bai taɓa ba ta ba ya koma aje mata burodi da miya mai zafi.

"Ke kuwa 'yata, kina da wani naki a garin nan ban da shi?"

"Ina da miji, maigida. Ya ishe ni."

Ruwa ba ya tsami banza. Ta san halin masu zanen zamani: ka tsaya musu da riga, su tuɓe ka da buroshi, wai alama ce ta wani sirri. Nan da wata guda za a rataye zanen a bainar jama'a. Idan Firmin ya dawo ya ji an ga matarsa tsirara a bango, aure ya mutu. Tsoro ya hana ta sukuni, haushin tsohon kuma ya cika ta.

Ranar Alhamis da hantsi ya sauka sayen taba. Ta jefar da kabejin, ta fizge mayafin.

Riga har wuya! Dariya ta kuɓuce mata, kunya ta kama ta. Ashe zargin banza ta yi wa bawan Allah.

Sai ta ga takarda maƙale a gefen zanen, da rubutun tsohon: "Na zano kan daga ɗakin gawa. An tsamo shi a kogi, ba a san mai shi ba." Idonta ya bi hannun hagun Yudit zuwa ƙasa. Yatsunta ne riƙe da gashin, a ƙarƙashinsu kuma ga tabon nan na gira, wanda ita da kanta ta ɗinke wa Firmin bara.