Faifan da Aka Wanke

"Gyara zama, tsoho, yau za ka ji kanka tangaram," in ji Resi, tana kunna na'ura.

Duk unguwarsu a Vienna babu wanda Kaka Alois bai gaya wa yana cikin faifan marigayi Weidl ba, shahararren jagoran makaɗan nan. Sai dai faifan ya tsufa, ƙara ta cinye rabin kiɗan. Shi ya sa jikarsa Resi ta kai wa ƙwararre ya wanke sautin tas, ta tara maƙwabta ranar da Kaka ya cika shekara casa'in.

Goge ya tashi, sarewa ta amsa. Kowa ya ajiye kofin gahawarsa.

"Kai ne mai sarewar?" wata maƙwabciya ta tambaya.

"Ke dai jira."

Kiɗan ya yi ƙasa-ƙasa. Kaka ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido. Wurin da yake jira a faifan ya zo ya wuce sumul.

"Mayar baya."

Resi ta mayar. Haka dai.

"Ke ja'ira, ina nake?"

"Ba a taɓa makaɗi ko ɗaya ba, Kaka, datti kawai aka cire. Mutumin ma ya ce abin da ya fi ba shi wahala shi ne wani ƙaton banza cikin 'yan kallo da ya ɓarke da tari daidai nan."

Kaka ya dafe ƙirji, idonsa ya ciko.

"Weidl da kansa fa ya juyo ya harare ni," ya ce.