Jan Tabo a Jirgin Kawu

"Yanke nan ma, Kawu," in ji Tabawa, idonta a kan kamarar da ke ganin zafi.

Malam Tanimu ya harare ta, zarto a hannu. Wata biyu ya yi yana ƙera wa manoman shinkafar Saga wannan jirgin ruwa na fibur, wato roba mai zaren gilashi, gobe kuma za su zo ɗauka. Shi ya kira ɗiyar ƙanwarsa, wadda aikinta duba fikafikan jiragen sama ne, ta gano masa ko akwai ɓoyayyen lahani.

"Wuri uku na yanke, ɗiyata. Duka lafiya lau na tarar."

"Idonka ne bai gani ba. Ga jan tabo nan ƙato, iska ce ta maƙale a cikin fibur ɗin. So kake ya nutse da mutane a tsakiyar gulbi?"

Ya ja tsaki, ya kafa zarto. Ita ma ranta a ɓace yake. Duk gefen da ta tsaya sai ta ga wani tabon, kamar jirgin gaba ɗaya ruɓaɓɓe ne.

Gumi ya shiga idonta, ta ɗaga hannu ta share.

A cikin kamarar, jan tabon ma ya ɗaga hannu.

Ta kalli sabon fentin jirgin, yana sheƙi kamar madubi. Tun safe zafin jikinta take farauta.

"Kawu..." ta ce a hankali.

Bai ɗago ba. "Ki bari, na kusa huda shi."